Ido ke gani ko suna? Yadda son kamfanin kyamara ke canja launin hoto a wajen mai kallo

Duk wanda ya taɓa zama a shagon masu ɗaukar hoto, ko ya tsaya ciniki a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano ko Banex a Abuja, ya ji irin wannan musu. Wannan ya ce babu kyamarar da ke fito da fatar mutum kamar Canon. Wancan ya ce hoton Sony yana da kore-kore, sai an sha wahala kafin a gyara shi. A ɓangaren waya kuwa, mai iPhone zai rantse cewa hotonsa ne ke nuna abu yadda Allah ya halicce shi, mai Samsung ya ce ai hoton iPhone a dushe yake, shi ma a mayar masa da cewa nasa ya cika kwalliya. Kowa na magana da yaƙini, domin a wajensa ba labari aka ba shi ba, da idonsa ya gani.

Musun bai tsaya a raha ba, akwai kuɗi a cikinsa. Matashin da ya daɗe yana tara jari domin fara ɗaukar hoton biki yakan zuba shi kaf a kan kyamarar da aka ce masa ita ce “mai kala”, ko da akwai wata mai sauƙin farashi da za ta yi masa aikin. Akwai masu biki da kan fara tambayar mai hoto irin kyamarar da yake riƙewa kafin su nemi ganin aikin da ya taɓa yi. Wasu kuma kan ci bashi su canja waya saboda an ce wadda ke hannunsu ba ta iya launi ba.

Tambayar da ta dace a yi ita ce: idan aka ɓoye sunan kamfanin da ya ƙera kyamarar, shin mutane za su ci gaba da ganin abin da suke rantsuwa a kansa? An gwada hakan ba sau ɗaya ba, kuma amsar da aka samu ba ta yi wa masu musun daɗi ba.

Abin da ya faru da aka ɓoye sunaye

A ƙarshen shekarar 2018, Marques Brownlee, Ba’amurken da ya yi fice wajen nazarin kayan fasaha a YouTube, ya haɗa wayoyi 16 ya ɗauki hotuna da su. Ya riƙa fitar da hotunan biyu-biyu a Twitter da Instagram ba tare da suna ba, jama’a na zaɓen wanda ya fi burge su, wadda ta sha kaye a cire ta. Tun a zagayen farko aka yi waje da iPhone XS, wayar da farashinta ya kai kusan dala 1,000, kuma wadda ta kayar da ita ita ce BlackBerry Key2, wayar da babu mai ambatonta idan ana zancen kyamara. Pocophone F1, da ake sayarwa a lokacin a kan kimanin dala 300, ta kayar da iPhone X, ta ci gaba har zagayen ƙarshe, inda Huawei Mate 20 Pro ta yi nasara a kanta.

A 2022 ya sake gwajin da tsari mafi inganci, inda aka riƙa gwama kowace waya da sauran. Mutane fiye da 600,000 suka kaɗa ƙuri’u sama da miliyan 20. Wayar da ta zo ta ɗaya ita ce Pixel 6a ta kamfanin Google, mai farashin dala 449 a lokacin, a gaban wayoyin da suka ninka ta tsada. A shekarar da ta biyo baya ƙanwarta Pixel 7a ce ta lashe. Wani abu da ya yi ta maimaituwa, musamman a gwaje-gwajen farko, shi ne idan babu suna, yawancin mutane hoton da ya fi haske suke zaɓa.

Za a iya cewa waɗannan ’yan kallo ne kawai, ba ƙwararru ba. To amma a wannan shekarar ta 2018, Tony Northrup, mai ɗaukar hoto kuma marubucin littattafan koyar da sana’ar, ya yi irin wannan gwaji da masu ɗaukar hoto kimanin 1,500, a kan kyamarorin Canon da Nikon da Sony da Fujifilm. Da aka tambaye su da suna wane kamfani ne ya fi iya launi, Canon ne ya yi gaba. Da aka nuna musu hotunan babu suna, na Sony ne suka zo kan gaba, wato kamfanin da aka fi yi wa gori a kan launi. Sannan ya yi musu dabara: ya liƙa wa wasu hotunan sunayen da ba nasu ba. Da yawa daga cikinsu suka bi sunan, suka bar hoton da suka zaɓa tun farko.

Ya kamata a faɗi iyakar waɗannan gwaje-gwaje. Ba a ɗakin bincike na jami’a aka yi su ba. Kowa ya kalli hotunan ne a fuskar wayarsa ko kwamfutarsa, kuma waɗannan sun bambanta, sannan shafukan sada zumunta kan matse hoto su rage ingancinsa. Saboda haka ba za a kafa hujja da su a ce kamfani kaza ya fi kowa ba. Abin da suka nuna a fili shi ne mutum ɗaya, da ido ɗaya da na’ura ɗaya, yana iya yanke hukunci iri biyu a kan hoto ɗaya, gwargwadon sunan da ya gani a ƙasansa.

Kyamara ba ta ganin launi

Domin fahimtar dalili, sai an fara sanin yadda kyamara ke samar da launi. A bayan gilashin kowace kyamarar zamani akwai wani ɗan faranti da ake kira sensa, mai ɗauke da miliyoyin ƙananan gurabe. Kowane gurbi aikinsa ɗaya ne, auna yawan hasken da ya faɗo masa. Bai san ja ba, bai san shuɗi ba. Domin a samu launi, sai aka shimfiɗa wa guraben wani rariya mai launi uku: rabinsu aka rufe da kore, kashi ɗaya cikin huɗu da ja, sauran da shuɗi. Bryce Bayer, ma’aikacin kamfanin Kodak, shi ya ƙirƙiro wannan tsari, aka yi masa rajista a 1976, kuma har yau shi yawancin kyamarori da wayoyi ke bi.

Ma’anar wannan ita ce kowane ɗigo na hoto launi ɗaya kaɗai aka auna masa cikin ukun da ake buƙata. Sauran biyun manhajar kyamara ce ke kirdadonsu ta hanyar duba maƙwabtansa. Wato kashi biyu cikin uku na bayanan launin da ke cikin hoto lissafi ne ya samar da su.

Bayan wannan sai kyamara ta yanke shawarar mene ne fari a wurin. Hasken ƙwan lantarki irin na da yana da ja-ja, kimanin 2,700 a ma’aunin Kelvin. Hasken rana tsaka yana wajen 5,500. Na inuwa kuma ya fi karkata zuwa shuɗi. Farar shadda ɗaya za ta aiko wa sensa da haske daban-daban a waɗannan wurare uku, kyamara ce za ta yi hasashen irin hasken da ke wurin ta rage tasirinsa. Idan ta ɗan kuskure, fuska ta yi rawaya ko ta yi toka-toka. Daga nan sai a zo kan yawan kaifin launi, da yadda za a raba duhu da haske, da yadda za a bi da launin fata da na sama da na ganye. A wayoyin zamani ma ana haɗa hotuna da dama da aka ɗauka cikin ƙiftawar ido a mayar da su ɗaya, manhaja ta gano fuska ta gyara ta daban, ta gano sama ta gyara ta daban.

Duk waɗannan matakai zaɓi ne da injiniyoyin kamfani suka yi. Abin da ake kira launin Canon ko launin Samsung ɗanɗanon waɗannan injiniyoyi ne, kamar yadda mata biyu za su sayi kayan miya a wajen mutum ɗaya amma girkinsu ya bambanta. Kayan miyar ma sau da yawa daga gona ɗaya suke. Kamfanin Sony ne ya fi kowa sayar da sensa a duniya, kuma a Disambar 2022 shugaban Apple, Tim Cook, ya tabbatar da cewa sun fi shekara goma suna aiki da Sony wajen samar da sensar iPhone. Kyamarori da dama na Nikon da Fujifilm ma sensar da Sony ya ƙera suke ɗauke da ita.

Ga ƙwararru akwai ƙarin bayani. Wanda ya ɗauki hoto a tsarin JPEG ya karɓi girkin kamfani a dafe. Wanda ya ɗauka a tsarin RAW kuwa ɗanyen bayanin sensa ya adana, manhajar da ya buɗe shi da ita, irin su Lightroom, ita ce za ta fassara launin da nata ma’aunin. Mai hoton da ke aiki da RAW yana yabon launin kyamararsa, sau da yawa aikin manhajar kwamfutarsa yake yabo bai sani ba.

Ido ba mudu ba

Hausawa na cewa ido ba mudu ba, ya san ƙima. A fagen launi, ƙimar nan ƙwaƙwalwa ce ke yin ta. A cikin idon ɗan Adam akwai ƙwayoyin gane launi iri uku, amma abin da suke aikawa ba shi ne hukuncin ƙarshe ba. Ƙwaƙwalwa na haɗa shi da abin da take zato game da hasken wurin, da abin da ta riga ta sani game da abin da ake kallo.

Duniya ta ga misalin wannan a Fabrairun 2015, lokacin da hoton wata riga da aka ɗauka a Birtaniya ya raba kan masu amfani da intanet. Wasu suka ce shuɗiya ce da baƙi, wasu suka ce fara ce da ruwan zinare, kowa na mamakin ɗan’uwansa. Rigar a zahiri shuɗiya ce da baƙi. Binciken da ya biyo baya ya danganta saɓanin da zaton da kowace ƙwaƙwalwa ta yi: wadda ta ɗauka rigar a inuwa take sai ta cire shuɗin ta ga fari, wadda ta ɗauka a hasken fitila take sai ta ga shuɗi. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu.

Tun kafin nan, a 2006, Thorsten Hansen da Karl Gegenfurtner da abokan aikinsu a Jami’ar Giessen ta Jamus sun nuna wa mutane hoton ayaba a kwamfuta, suka ce su yi ta rage launinta har sai ta koma ruwan toka. Mutanen suka wuce gona da iri, suka kai ta har ta ɗan yi shuɗi kafin su yarda cewa ta zama ruwan toka. Dalili shi ne ko da an cire launin gaba ɗaya, suna ci gaba da hango rawaya a jikinta, domin sun san ayaba rawaya ce. Sanin abu ya shiga cikin ganinsa.

Tunanin launi ma ba amintacce ba ne. A 1960, C. J. Bartleson, mai bincike a Kodak, ya gano cewa launin da mutane ke tunawa na abubuwan da suka saba da su, kamar ciyawa da sararin sama, ya fi na zahiri kaifi. Wannan ya sa hoton da ya yi daidai da ma’auni kan zama kamar a dushe a idon mai kallo, wanda aka ƙara wa armashi kuma ya zama kamar shi ne gaskiya. Idan mutum ya ce launin kyamararsa ne na asali, galibi abin da yake nufi shi ne ya dace da abin da yake tunawa ko wanda ya saba gani.

Yadda suna ke shiga tsakani

Idan sanin cewa ayaba rawaya ce yana iya taɓa gani, ba abin mamaki ba ne sanin sunan kamfani ya taɓa hukunci. A 2004, Samuel McClure da Read Montague da abokan aikinsu a Kwalejin Likitanci ta Baylor da ke Amurka sun gwada mutum 67 da lemon Coca-Cola da Pepsi, a waje da kuma a cikin na’urar da ke nuna aikin ƙwaƙwalwa. Da babu suna, zaɓin ya rabu kusan daidai. Da aka ba su kofi biyu masu ɗauke da Coca-Cola iri ɗaya, ɗaya da suna ɗaya babu, sai suka fi son mai sunan. Na’urar ta nuna cewa ganin sunan ya motsa sassan ƙwaƙwalwa masu alaƙa da tuna baya. Sunan Pepsi bai yi irin wannan tasiri ba.

Ƙwarewa ma ba ta zama kariya ba. A 2010, a birnin Indianapolis na Amurka, Claudia Fritz da Joseph Curtin sun tara gogaggun masu kaɗa goge irin na Turawa su 21. Aka sa musu tabarau irin na masu walda a ɗaki mai ƙarancin haske, aka ba su goge shida: uku sababbi, uku tsofaffin ƙirar Italiya da suka haura shekara 250, biyu daga cikinsu na Stradivari, wanda ake ɗauka babu kamarsa. Kuɗin tsofaffin ukun ya kai kimanin dala miliyan 10. Da aka ce kowa ya zaɓi wanda zai so ya tafi da shi gida, 13 suka ɗauki sabo. Wanda aka fi ƙi a cikin shidan na Stradivari ne.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da bayyana abubuwan da ke haifar da haka. Na farko shi ne kare zaɓi. A 1956, Jack Brehm ya sa mata su kimanta wasu kayan amfanin gida, sannan kowacce ta zaɓi ɗaya cikin biyun da ta ba maki kusan ɗaya. Da aka ce su sake kimantawa, sai suka ɗaga darajar wanda suka zaɓa, suka rage ta wanda suka bari. Wanda ya kashe dukiya a kan kyamara da gilasanta, waɗanda ba za su hau kan ta wani kamfani kai tsaye ba, yana da babban dalilin ganin kyawunta. So hana ganin laifi.

Na biyu shi ne sabo. Robert Zajonc ya nuna a 1968 cewa yawan ganin abu kaɗai kan sa mutum ya ƙara son sa. Wanda ya shekara biyar yana ganin fuskar ’ya’yansa ta kyamara ɗaya, wannan launin ya zama masa ma’auni, duk wani daban kuma ya zama kuskure. Na uku shi ne neman abin da aka riga aka ji. Wanda aka faɗa wa cewa hoton kamfani kaza na da kore-kore, idonsa zai tafi kai tsaye neman koren, kuma a kowane hoto da aka ɗauka kusa da ganye ko ƙarƙashin wasu fitilun zai same shi. An ce gani ya kori ji, amma a nan ji ne ke yi wa gani jagora.

Masana na ci gaba da muhawara a kan ko suna yana canja ainihin abin da mutum ke gani ne, ko kuwa hukuncin da yake yankewa bayan ya gani kaɗai yake canjawa. Ga mai saye a kasuwa, sakamakon ɗaya ne: zai biya kuɗi a kan abin da ya yi imani ya gani.

Kamfanoni sun san da haka

Masu ƙera waya ba su jahilci wannan ba. A 2016 Huawei ya haɗa gwiwa da Leica, tsohon kamfanin kyamara na Jamus, aka buga sunan a bayan wayar P9. A 2020 Vivo ya ƙulla da Zeiss. A 2021 OnePlus ya ɗauko Hasselblad na Sweden, kuma abin da aka fara tallatawa a haɗin shi ne daidaita launi. A 2022 Xiaomi ya gaji haɗin gwiwa da Leica. Akwai aikin injiniya a cikin irin waɗannan yarjejeniyoyi, amma akwai kuma darajar sunan kansa, wadda ake son mai saye ya gani kafin ya ga hoto.

Wayoyin Xiaomi masu sunan Leica suna ba mai su zaɓi biyu na launi, ɗaya mai laushi ɗaya mai kaifi, duk daga sensa ɗaya. Tun daga iPhone 13 a 2021, Apple ma ya ba da damar zaɓen salon launi. Fujifilm kuwa ya gina kasuwarsa a kan kwaikwayon launin tsofaffin fina-finan wankin hoto nasa, irin su Velvia da Provia. Wannan kaɗai ya isa hujjar cewa launin kamfani abu ne da ake iya sauyawa da taɓa maɓalli.

Sai kuma tambarin da wayoyi da yawa ke bugawa a ƙasan hoto, mai ɗauke da sunan wayar. Duk wanda ya bar shi a kunne yana yi wa kamfani talla kyauta, kuma yana sanar da mai kallo irin hukuncin da ya kamata ya yanke tun kafin ya duba hoton da kyau.

Inda bambancin yake na gaske

Wannan ba ya nufin duk kyamarori ɗaya suke. Akwai fagen da bambancin yake a zahiri, kuma ya shafe mu kai tsaye, wato launin baƙar fata. Tun daga shekarun 1950, shagunan wankin hoto kan daidaita injinansu da wani kati na Kodak mai hoton Baturiya, wanda aka fi sani da katin Shirley. Farar fata ce ma’auni, sauran kuma su samu abin da ya samu. Binciken Lorna Roth ta Jami’ar Concordia da ke Kanada, wanda aka wallafa a 2009, ya nuna cewa daga cikin abubuwan da suka tura kamfanin ya inganta yadda fim ɗinsa ke ɗaukar launuka masu duhu akwai koken masu sayar da cakulan da kayan katako, waɗanda hajarsu ba ta fitowa da kyau a talla. Sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fitar da kati mai mata masu launin fata daban-daban.

Matsalar ta biyo kyamarar zamani: fuska ta nutse a duhu, ko manhaja ta haskaka ta har ta yi toka-toka. Transsion, kamfanin China da ke ƙera Tecno da Infinix da itel, ya tsara kyamarorinsa domin baƙar fata, kuma wannan na cikin dalilan da ake bayarwa na mamaye kasuwar waya a Afirka da ya yi. A 2021 Google ya fito da tsarin Real Tone a wayar Pixel 6, a 2022 kuma ya rungumi ma’aunin launin fata mai matakai 10 na Ellis Monk, malami a Jami’ar Harvard.

A nan ma sai an yi hattara da tarkon suna. Wanda ya raina waya saboda arharta zai iya kasa ganin cewa ta fi mai tsada iya fuskarsa. Wanda kuma ya saba da wayar da ke ƙara masa haske zai iya ɗaukar hakan a matsayin inganci, alhali canja masa kama aka yi. Baƙi da wankan tarwaɗa da fari duk launukan mutanenmu ne, kyamarar kirki ita ce wadda ta bar kowa a yadda yake.

Lokacin da hoto ya zama shaida

Ranar 9 ga Satumban 2020, hayaƙin gobarar daji ya mayar da samaniyar San Francisco ruwan lemo. Mutane da dama da suka ɗaga waya domin ɗauka sai suka ga hoton ya fito kusan ruwan toka. Manhajar ta ɗauka kuskuren haske ne, ta “gyara” shi. Irin wannan na iya faruwa da duk wanda ke son nuna tsananin ƙurar hazo, ko launin ruwan kogin da ake zargin masana’anta ta gurɓata. Ɗan jarida ko mai kare haƙƙin jama’a da ya amince cewa wayarsa ba ta ƙarya saboda sunan da ke bayanta, zai iya gabatar da shaidar da ta rage girman ɓarna, ko ta zuzuta ta.

Haka abin yake ga mai sayar da atamfa ko leshi ta intanet, da ake dawo wa da kaya ana cewa ba launin da aka gani ba ke nan. Tsakanin kyamarar mai sayarwa, da hasken shagonsa, da matsewar WhatsApp, da fuskar wayar mai saye, launi ya bi ta hannu huɗu. Haka kuma bai kamata uwa ta dogara da hoton waya wajen tantance ko idon jaririnta ya yi rawayar shawara ba. Wannan aikin ma’aikacin lafiya ne, ido da ido.

Ƙwararru na da maganin wannan. Sukan sa kati mai ruwan toka, ko allon ColorChecker mai murabba’i 24 na sanannun launuka, a cikin hoton farko, domin a samu abin da za a daidaita sauran da shi. Wanda ba shi da su, ko farar takarda ya sa a gefen abin da yake ɗauka ta taimaka, sannan ya adana hoton asali bai taɓa shi ba.

Gwajin da kowa zai iya yi

Kafin mutum ya kashe kuɗi saboda launi, akwai gwaji mai sauƙi. A samu na’urorin biyu, a kashe tambarin suna da masu gyaran fuska. A ɗauki abu ɗaya a wuri ɗaya a lokaci ɗaya, a maimaita a yanayi kamar goma: fuska a rana, fuska a ɗaki da dare, jan zane, farar shadda, abinci, ganye. A ba wani aboki ya canja sunayen hotunan ya cakuɗa su, ya riƙe amsar a wajensa. A kalle su duka a fuskar na’ura ɗaya, a rubuta zaɓi kafin a tambaye shi. Bayan kwana biyu a sake cakuɗawa a maimaita.

Idan mutum ya zaɓi na’ura ɗaya sau takwas ko tara cikin goma a duka zagayen biyu, to son da yake mata na da tushe, ya saya da kwanciyar hankali. Idan zaɓin ya rabu biyar da biyar, ko na yau ya saɓa wa na shekaranjiya, to bambancin da yake shirin biya wa kuɗi a sunan yake. Gara ya duba abubuwan da za a iya aunawa: ƙarfin batir, samun kayan gyara a kusa, farashin gilasai, da yadda na’urar ke aiki a ƙarancin haske.

Ga mai ɗaukar hoton biki da ke farawa, kuɗin da zai ƙara domin sayen suna zai fi yi masa amfani idan ya sayi fitila mai kyau da katin daidaita launi, ya kuma koyi sarrafa haske. Ga masu biki kuma, tambayar da ta fi amfani ita ce a nuna musu hotunan da mai hoton ya ɗauka a zauren taro da dare, na mutane masu irin launin fatarsu. A can ne za a ga ko ya iya aikinsa, ko wane suna ne a rubuce a goshin kyamararsa.